Minti Goma Sha Biyar a Falonmu na Al Qusais

Ranar Alhamis da ta wuce Umma ta sa ni in kwashe durowar kicin, wadda muke zuba duk abin da muka rasa inda za mu ajiye shi: matattun batura, robar ɗaure leda, makullan da muka manta ƙofofinsu. Can ƙurya, bayan wata tsohuwar caja, hannuna ya taɓo wani koren usur na roba. Na goge shi da bakin hijabina na sa a baki na busa. Bai yi kuka ba. Iska ce kawai ta fita, fff, kamar mutum yana hura shayi. Sai na tsaya a nan tsakiyar kicin ina riƙe da shi, ina jin kamar idan na leƙa falo zan tarar da maza uku a kan kujera, ƙanshin soyayyar gyaɗa da na sabuwar fata ya cika ɗakin.

Bari in gaya muku yadda usur ɗin ya rasa muryarsa. Nawa ne, a makaranta aka ba ni ranar wasanni, ba don na ci tsere ba, kowa aka ba. Da na kawo shi gida Umma ta sa tsinken kitso ta zaro 'yar ƙwayar da ke cikinsa, ta ce bangon gidajen nan siriri ne, ba za ta iya da ƙorafin maƙwabta ba. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Muna hawa na huɗu a wani bene a unguwar Al Qusais a Dubai, inda muke har yanzu, ɗaki ɗaya da falo da 'yar baranda da ke kallon bayan wani sito. Ni a falon nake kwana, a nan nake aikin makaranta, a kan teburin cin abinci da ke bayan doguwar kujera. Saboda haka yawancin abin da na sani game da manya, daga ƙeyarsu na koye shi.

Duk Asabar bayan la'asar mutum biyu suke zuwa kallon ƙwallo wurin Baba. Baba a kantin magani yake aiki, shi ya sa suke ce masa Dakta ko da yake ba likita ba ne, kuma masu jar riga yake goyon baya. Na farko mai zuwa shi ne Injiniya, Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a manyan sito-sito na Al Quoz. A hawa na biyu na benenmu yake, su bakwai a ɗaki, babu inda za a kafa talabijin. Hannuwansa duk ƙananan yanka ne na gefen ƙarfe, kuma bai taɓa hawowa ba tare da kwalbar gyaɗa ba. Shi na masu shuɗiyar riga ne. Idan wasa ya yi zafi ƙafarsa ta dama takan yi ta rawa har kofunan shayi su riƙa ƙara a kan tire. Na biyun shi ne Alhaji, wanda ya girme su duka, yana sayen jakunkuna da takalma a kasuwar Naif yana tura kago Kano. Alhaji ba shi da ƙungiya. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa hawan jininsa ya tashi saboda yaran da ba su san da shi a duniya ba. Amma ni na sha ganin carbinsa ya tsaya cak idan za a buga fanareti.

Ba ƙwallon ne ya sa nake tuna waɗannan ranaku ba. Hutun rabin lokaci ne. Da zarar 'yan wasa sun nufi ɗaki, Alhaji zai ɗauki rimot ya kashe murya, ya ɗaga usur ɗina ya busa, fff, ya ce, "Yalla, majalisa ta zauna." Daga nan suna da minti goma sha biyar su gyara duniya. Idan 'yan wasa suka dawo fili zai sake busawa ya ce, "Khalas." Ko kana tsakiyar magana dole ka haɗiye sauran.

Akwai kuma wata doka da ban taɓa jin wani gida yana da ita ba. Ta samo asali ne daga wata Asabar da Baba da Injiniya suka yi gardamar zaɓe har Injiniya ya sauka ƙasa da takalmin banɗakinmu a ƙafarsa bai sani ba. Da ya dawo mayar da shi, Alhaji ya yanke hukunci. Daga ranar, duk wanda aka ci ƙungiyarsa a mako, Asabar mai zuwa ba zai kare ra'ayinsa ba, na abokin gardamarsa zai kare, kuma da gaske, ba da ba'a ba. Idan duka biyun aka ci, su yi musanya. Alhaji ya ce mutumin da ya taɓa kwana da hujjarka a bakinsa ba zai iya ƙin ka sosai ba.

Sun yi gardamar haraji fiye da yadda zan iya tunawa. Baba yakan ce a nan ba a taɓa albashin mutum, amma dubi titi, dubi jirgin ƙasa.

"Dakta, kai fa wani lokaci kamar yaro," in ji Injiniya. "Kuɗin biza fa? Na katin zama fa? Ɗan abin nan da ke ƙasan kowane rasit fa? Suna kawai aka sauya masa, aka fesa masa turare."

"To ai ina ganin inda yake zuwa. A gida ka taɓa ganin inda naka ya je?"

"Na gani mana. Yana nan a Dubai, ya sayi bene."

Alhaji zai yi dariya har ya share ido, ya ce shi jaka ɗaya sau uku ake tatsar sa kafin ta isa kanti, don haka su biyun su yi shiru, masu albashi ba su san haraji ba.

Sun yi ta gidaje. Idan kana cikin jirgin ƙasa akwai inda za ka hango fararen gidaje jere, iri ɗaya, da bishiyar dabino a ƙofar kowanne, waɗanda aka ce an gina wa 'yan ƙasa. Baba yana son waɗannan gidaje kamar shi aka gina wa. Ya ce aikin hukuma ke nan, ta sa wa talaka rufi. Injiniya ya ce an taɓa gina irinsu a bakin garinsu, rabi aka raba wa masu uwa a gindin murhu, rabi ƙadangaru suka tare. Wata rana ana cikin haka Umma ta ɗaga murya daga kicin ta ce, "Masu gina wa talakawa gida, don Allah a fara da famfon banɗakina, sati uku yana ɗiga." Na lura da wani abu kuma. Idan maganar gida ake yi, kowa yana ɗaga murya, ana zagin gwamna da ɗan majalisa son rai. Amma da zarar zance ya karkato kan ƙasar nan sai muryoyi su sauka da kansu, Umma ta fito ta ja ƙofar baranda ta rufe.

Gardamar da ta fi kowace dawowa ita ce ta bindiga. Wani labari ne ya fara jawo ta, na harbi a wata makaranta a wata ƙasa mai nisa, amma ba ta daɗe a can ba ta dawo gida. Baba ya tsaya a kan cewa bindiga ta hukuma ce kaɗai.

"Maganin tari ma akwai wanda ba na miƙa wa mutum sai da takardar likita," in ji shi, yana tura tabarau sama da yatsa. "Balle abin da aka ƙera don kisa."

"Kai likitanka yana kusa," in ji Injiniya. "Mu idan muka kira, sai an gama binne mutane mota take isowa. A bar mutum ya tsare ƙofar gidansa, Dakta."

Ranar musanya kuwa abin dariya ne. Injiniya zai tura tabaran da ba shi da shi, ya yi maganar takardar likita da muryar Baba. Baba kuma zai riƙa karkaɗa ƙafa da gangan har kofuna su yi ƙara. Kowa ya haddace hujjar ɗan'uwansa har da inda yake jan numfashi. Ni ina bayansu ina rubuta maganganunsu a shafin ƙarshe na littafin lissafi, don ina jin kunyar yin dariya a gaban baƙi. A lokacin na ɗauka ra'ayi kamar rigar ƙwallo yake, ka sa, ka cire, ka ara wa abokinka, a wanke a mayar maka.

Yanzu sai in gaya muku game da ƙauyenmu, don ba za ku gane abin da ya faru ba sai da shi. Sau ɗaya na taɓa zuwa, ina shekara bakwai. Abin da na riƙe kaɗan ne: dawa da ta fi rufin ɗaki tsawo, rumbu mai hular ciyawa, da tafin hannun kakata mai kaushi yana shafa mini man gyaɗa a ƙafa. Tana zaune da Baffa, ƙanen Baba, shi ke noma gonar gidan tun rasuwar kakanmu. Babu sabis a garin. Duk Asabar Baffa yakan ɗauki muryarta a wayarsa, ya hau babur zuwa wani tudu a hanyar kasuwa ya turo. Ƙawata take ce mini. Takan ba ni labarin akuyar da ta haihu, da wanda ya yi aure, ta tambaye ni ko Larabawa suna da daddawa. An ba ni izinin ɗaukar wayar Baba a hutun rabin lokaci in saurara, in kara a kunne a hankali don kada in dame majalisa.

Asabar ɗin da nake son ba ku labari, zafi ya fara saki, irin lokacin da ake iya buɗe taga da yamma. A gida kuma dawa ta nuna. Alhaji ya zo da wata 'yar lasifika baƙa mai kamar gwangwanin madara, samfur ce da yake tunanin saye da yawa. Kafin a fara wasa Baba ya haɗa ta da wayarsa suka gwada, suka yaba, aka ajiye ta a gefen talabijin aka manta. Akwai wata 'yar shuɗiyar fitila a jikinta da ke ƙyaftawa. Na gan ta. Duk rabin farko ina kallon ta. Ban san abin da take nufi ba.

A makon da ya gabata an ci ja an ci shuɗi, don haka ranar musanya ce, kuma Alhaji ya zaɓi bindiga. Ya busa usur, Baba ya fara. Ya ce a bar mutum ya tsare ƙofar gidansa. Ya ce wanda ba a zo masa ba shi ke da bakin cewa a jira hukuma. Injiniya yana murmushi yana jiran nasa lokacin. Amma ni na lura da abu biyu daga inda nake. Baba bai karkaɗa ƙafa ba. Kuma yana murza bayan wuyansa, abin da yake yi idan an kira daga gida.

Na ɗauki wayar. Saƙonni biyu ne daga Baffa, ɗaya dogo ɗaya gajere. Na kakata kullum shi ne dogo, sai na danna dogon na kara a kunne. Ba ta kunnena ya fito ba. Daga gefen talabijin ya fito, da ƙarfi, har da ƙarar iskar tudun.

"Yaya, barka da yamma. Karo na uku ke nan ina turo maka, na ga ka saurara ba ka ce komai ba. Mutanen daji sun sake aikowa, sun ce ba mai yanka dawa sai an biya su. Bara mun biya, ka sani, suka karɓa suka dawo suka kore shanu. Samarin gari sun ce bana ba za a biya ba, kowane gida ya fito da mutum ɗaya da bindiga. Akwai maƙerin da ke yi. Ba kuɗi nake nema ba, na sayar da maraƙin. Izininka nake nema, tun da Baba ya rasu kai ne uba. Inna ba ta sani ba. Idan ka ce in saya zan saya. Idan ka ce a'a, to ka gaya mini abin da zan yi. Litinin suke son amsa."

Da na so, da na tsayar da shi tun a kalmar farko. Yatsana yana kan wayar. Amma ya ƙi motsi, kamar ba nawa ba, har saƙon ya ƙare lasifikar ta yi ɗan ƙara ta yi shiru. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Daga fuskarta na gane ita ma ba ta sani ba.

Ba wanda ya juyo ya kalle ni. Da an yi mini tsawa da na fi jin daɗi.

Alhaji ne ya fara magana, bayan ya yi salati. Ya ce a biya su, haraji ne kamar kowane haraji, mutum yana biya ba don yana so ba. Baba ya ce an biya bara. Alhaji ya ce to su fito su koma birni. Baba ya ce su koma wane gida? Ya ce shekarun baya ya cike takardar neman gidan gwamnati a jiharmu, tana nan cikin jakar takardunsa, har ta fara yin ruwan ƙasa. Umma ta ce a kawo Inna nan, za mu matsa. Baba ya ce albashinsa bai kai wanda ake ba izinin ɗauko uwa ba, ya riga ya tambaya, kuma ko ya kai, matar Baffa da yara huɗu fa? Alhaji ya zaro wayarsa ya ce ya san wani da ya san ɗan majalisar yankin. Ya kira. Muna ji tana ringi har ta katse. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Ina zaune ina jin duk abubuwan da suka shekara suna gardama a kai suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, haraji, gida, 'yan siyasa, kuma babu wanda ya zo da abin da za a riƙe.

Sai Baba ya juya wajen Injiniya.

"Kai kullum kake cewa a bar mutum ya kare kansa. Yau ba wasa ba ne. Ka gaya mini."

Ƙafar Injiniya ba ta motsi. Ya kalli tafin hannunsa.

"Ƙanena ya taɓa turo mini irin wannan," in ji shi. "Na ce ya saya. Zuwan farko suka kore su, garin ya yi ta murna, har aka turo mini hoto. Da suka dawo sun riga sun san gidajen da aka yi harbi daga ciki. Da su suka fara."

Alhaji ya ce, "Ba ka taɓa faɗa mana ba."

"Ba a tambaye ni ba."

Baba ya ce a hankali, "To me ya sa duk shekarun nan kake kare bindiga?"

"Saboda idan na yarda kai ke da gaskiya, Dakta, to ni na kashe shi." Ya goge fuska da hannu biyu. "Amma kada ka ɗauka na ba ka amsa. Garin da ke gaba da namu ko gwafa ba su ɗauka ba, su ma an ƙone su. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

A talabijin 'yan wasa suka fara fitowa. Alhaji yana riƙe da usur, na ga ya ɗaga shi zuwa rabin hanya, sai ya ajiye shi a kan tire kusa da gyaɗa. Ba wanda ya mayar da murya. Aka ci gaba da wasa shiru, mutane suna gudu a kan koriyar ciyawa, dubban bakuna a buɗe ba sauti. Masu jar riga suka ci ƙwallo, ɗan wasan ya zame a kan gwiwa, a falonmu ko kai ba a ɗaga ba. Can aka kira magariba daga masallacin bayan sito. Baba da Alhaji suka shimfiɗa darduma. Injiniya ya saba fita baranda ya jira su, amma ranar bai tashi ba, ya sunkuyar da kai a inda yake, leɓɓansa suna motsi.

Bayan baƙin sun tafi na je kusa da Baba. Na shirya abin da zan ce, amma da na buɗe baki hawaye ne suka riga. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Kin saurari na kakarki?" Na girgiza kai. Ya kashe lasifikar da kansa, ya miƙo mini wayar. Gajeren saƙon ne nata. Ta ce, ƙawata, dawar bana ta yi kyau, kan ta kamar kan jariri, idan an yanka za ta daka mini gari ta ba wa yaran Alhaji su kawo mini in sha kunun gida. Ta ce in gaishe da babana, in ce masa ya rage tunani, tana jin sa a muryarsa.

Ranar Lahadi da la'asar Baba ya fita baranda ya ja ƙofar gilashi. Ina teburina, littafi a buɗe, ina kallon sa. Ya danna waya ya yi magana mai tsawo, ya saurara, ya goge. Ya sake, ya goge. Sau uku na ƙirga. Ya dawo ciki bai tura komai ba. Sai Litinin da safe, ina ɗaura takalmi motar makaranta tana jira a ƙasa, na ji shi a bakin ƙofa yana cewa, "Kada ka saya. Ka ɗauko Inna da iyalinka ku fito." Iyakarsa ke nan. Da na dawo da rana amsa ta zo. Na ga tsawonta a fuskar wayar, daƙiƙa biyu. "To, Yaya."

Suka fito suka bar dawa a tsaye. Aka samar musu ɗaki ɗaya na haya a birni, bayan wani injin niƙa, su bakwai. Waɗanda suka tsaya a garin suka ɗauki bindiga, kuma shekarar sun yanka dawarsu, har da tamu wani ya yanka. Da labarin ya zo Baba ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Damina ta gaba aka dawo musu. Ba zan faɗi abin da aka yi ba, don ni ma ba a gaya mini duka ba. Cikin waɗanda aka rasa akwai abokan Baffa biyu da suka taso tare. Yanzu ba kowa a garin. Na jira in ga ko wannan labarin zai sa Baba ya ji sauƙi, tun da ya nuna ƙanensa ya tsira. Bai ji ba. Na ji shi yana gaya wa Umma cewa da a ce gidaje irin namu ba su fita ba, da ƙila sun fi yawa, da ƙila ba a iya da su ba. Umma ta ce ƙila kuma da yanzu marayu huɗu yake ciyarwa. Ya ce ƙila.

Kakata ta yi damina biyu a ɗakin nan. Saƙonninta suka riƙa gajarta, ƙarar injin niƙa tana cinye rabin maganar. Babu akuyar da za ta ba ni labari. Kusan kowane saƙo sai ta tambaya wa ya yanka dawar, kamar ni ce zan sani daga nan. Garin kunun bai taɓa zuwa ba. Ta rasu wata Laraba da safe, aka binne ta kafin azahar, Baba yana nan kanti yana miƙa wa mutane magani, don ko ya tashi a lokacin ba jirgin da zai kai shi. Baffa yana nan da rai, yana ɗaukar kaya a babur a bakin kasuwa. Yana gaishe da Baba kamar yadda ya kamata. Amma duk abin da Baba ya ce masa, ko shawara ko tambaya ko barkwanci, amsar ɗaya ce, "To, Yaya."

Majalisa ba ta mutu a rana ɗaya ba. Sun ci gaba da haɗuwa har ƙarshen kakar wasan, sai dai a hutun rabin lokaci alƙalin wasa kawai ake zagi, ko a yi maganar tsadar haya. Ba a sake musanya ba. Ban san ranar da usur ɗin ya koma durowa ba. Daga baya kwangilar Injiniya ta ƙare, ba a sabunta ba, ya koma gida. Yana turo gaisuwa da Sallah, Baba yana tura masa da Kirsimeti. Alhaji gwiwa ta hana shi zirga-zirgar Naif, ɗansa ke zuwa yanzu, shi kuma a waya yake kallon ƙwallonsa.

Bana nake gama sakandare. Har yanzu ba na son magana a gaban mutane, amma a zangon da ya wuce malamarmu ta Turanci ta sa mu muhawara a aji, kan ko ya dace farar hula su mallaki bindiga. Na yi ɓangaren a'a. Da aka gama ta ce a yi musanya, na yi ɓangaren i. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗaliba mai iya tsayawa a ɓangare biyu haka ba, 'yan aji suka tafa mini. Na nemi izini na fita banɗaki, na tsaya a gaban famfo na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi.

Jiya Asabar na kai wa Baba usur ɗin. Yana zaune shi kaɗai a doguwar kujera, furfura ta cika ƙeyar da na sani baƙa. An tafi hutun rabin lokaci, kuma na ga ya kashe murya, har yanzu yana yin haka ko da ba kowa. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya yi ɗan murmushi. A karo na farko na zagayo na zauna a gefensa, a wurin Injiniya. Muka riƙa kallon tallar mota.

"An ce kin iya muhawara," in ji shi, bai kalle ni ba. "Da ke aka turo wa saƙon nan, me za ki ce masa?"

Duka hujjojin biyu suna bakina, na haddace su tun ina shekara goma sha ɗaya, har da inda ake jan numfashi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda zan iya tura wa mutumin da ke tsaye a kan tudu yana jiran amsa.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake jira ke nan. 'Yan wasa suka fara fitowa fili. Ya miƙo mini usur ɗin, na sa a baki na busa, iska kawai ta fita.